Hurumin Gari Amana Ne: Jawabi Ga Mutanen Lolo Da Kewaye

An shirya wannan jawabi ne domin a karanta shi a azuzuwan manya da wuraren taron gari a Lolo, Illo da sauran garuruwan bakin kogi na Ƙaramar Hukumar Bagudo.



Maganar yau a kan ƙasar da ba ta mutum ɗaya ba ce. Kowane manomi ya san iyakar gonarsa. In maƙwabci ya ci masa ko kunya biyu, kafin azahar magana ta kai gaban hakimi. Amma akwai wata ƙasa wadda kowa yake ci daga jikinta, ba kuwa mai kai ƙara saboda ita. Ita ce hurumin gari, da burtali, da mashayar dabbobi, da tafkin da kifi yake hayayyafa, da dajin da mata suke samo itace, da gaɓar kogi inda burgu yake fitowa. Wannan ƙasa ita ce take ƙarewa a hankali, bana kunya ɗaya, baɗi eka ɗaya. Ranar da ta ƙare kuwa, gonakin da ake ta rigima a kansu ma ba za su tsira ba. Ga dalili.

Abin Da Kogi Yake Nunawa

Lolo tana daidai inda Kogin Kwara yake shigowa Nijeriya. Kogin ya taso daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya raba Nijar da Benin, ya wuce tsakanin Gaya da Malanbil, sannan ya iso nan. Tsawonsa duka ya kai wajen kilomita 4,200. Masunta sun san sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko da damina ce, wajen Agusta da Satumba. Ruwan yakan zo da ƙarfi, ja-ja, duk laka. Cika ta biyu sai da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Ruwan nan kuwa garau yake, har ana ce masa baƙin ruwa.

Me ya bambanta su? Baƙin ruwa, ruwan saman da aka yi a Gini ne tun da damina. A kan hanyarsa akwai wata ƙatuwar fadama a tsakiyar ƙasar Mali. Nan yake bazuwa cikin ciyawa da tafkuna, ya yi watanni yana tafiya sannu-sannu, lakarsa ta kwanta, sannan ya fito. Watau fadamar nan takan riƙe ruwa lokacin da ya yi yawa, ta sake shi lokacin da ake nemansa. Mai noman rani a Lolo yana cin albarkacin wata fadama da bai taɓa gani ba.

Jan ruwa kuwa na kusa ne. Ruwan tuddan Nijar da Burkina Faso da arewacin Benin ne, wanda koguna irin su Sirba da Alibori da Sota suke kawowa. Jan nan da ake gani a cikinsa ba komai ba ne illa ƙasar gonar wani. Tudun da yake da itatuwa da ciyawa kamar bargo yake, yana shanye ruwa, ya tura shi ƙarƙashin ƙasa inda rijiya za ta same shi. Tudun da aka share ƙwal ya zama faƙo kamar rufin kwano yake. Ruwa yana sauka a kansa sai ya kwarara gaba ɗaya, ya haƙa kwazazzabo, ya kwashi yashi ya zuba a tafki da fadama.

Masu bincike a Nijar sun gano wani abin mamaki. Bayan farin 1973 da na 1984, ruwan sama ya ragu, amma ruwan da yake gangarowa daga tudu zuwa cikin koguna sai ƙaruwa ya yi, saboda ƙasa ta zama tsirara. Kogin nan da ake gani ya taɓa tsayawa cik a Yamai a watan Yuni 1985. Shi ne kuma a 2012 da 2020 ya yi ambaliyar da ba a manta da ita ba. A 2020 ruwa ya cinye shinkafa a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Kebbi, har da Bagudo.

Mutanen Lolo ba su da iko da tuddan Burkina Faso. Amma suna da iko da nasu tudun da nasu tafkin, kuma abin da yake faruwa a babban kogi shi ne yake faruwa a ƙaramin rafin bayan gari. Hamada ba lalle sai ta taso daga arewa kamar rundunar yaƙi ba. Sau da yawa daga bayan gari take tsirowa, a wurin da kowa yake sara, ba mai hanawa.

Ba Baƙon Abu Ba Ne

Keɓe ƙasa domin amfanin kowa tsohon abu ne a wannan yanki. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya rubuta littafi a kan hukuncin ƙasa mai suna Ta'alimur Radi. A ciki ya yi bayanin hanyoyin da ƙasa take zama ta wani, ya kuma yi bayanin hurumi da wurin kiwon da shugaba yake keɓewa domin jama'a. Bagudo kuwa a cikin masarautar Gwandu take. Haka nan a Argungu, ana hana su a Matan Fada har sai ranar da aka buɗe ruwa. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Masunta ba su bukatar wani ya zo daga birni ya koya musu amfanin hutar da ruwa.

To, in al'ada ta tanadi wannan, me ya sa ba ta isa ba yanzu? Jama'a ta ƙaru. A ƙidayar 1991 mutanen Jihar Kebbi wajen miliyan 2 ne, a ta 2006 sun wuce miliyan 3. Injin ban ruwa ya zo, shinkafa ta yi daraja, musamman bayan shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015. Gaɓar da a da ba mai kallonta sai shanu, yanzu kuɗi ce. Mai kuɗi yakan zo da takarda a hannu. Gari kuwa ba shi da komai sai abin da dattawa suka riƙe a ka. Dattijo ɗaya ya rasu, iyaka ɗaya ta ɓace.

Giginyar Gaya

Ba sai an yi nisa ba kafin a ga misali. A ƙasar Gaya, can tsallake a Nijar, akwai wani tsohon kwari da ake kira Dallol Mauri. Kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da, amma ruwa yana kusa da ƙasa. A cikinsa da gefen Kwara akwai dajin giginya mai faɗin wajen hekta 30,000. Kowa ya san darajar giginya: azarar da gara ba ta ci, da muruci, da 'ya'yan da ake sha, da ganyen saƙa.

A da, doka ta sa kowace giginya a hannun gwamnati, ko da a tsakiyar gonar mutum ta tsiro. Mai gona ba shi da ikon sara. 'Yan kasuwa ne suke zuwa da takardar izini daga ofis, su sare manyan, su fasa azara, su loda mota, su yi birni da ita. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. To, wa zai wahala ya raini abin da ba zai mora ba? Sai ya zama ƙananan giginyu suna mutuwa a bakin garma, ƙwallon da ya kamata ya tsiro kuma a tone shi a sayar da muruci. Manya suna faɗuwa, ba masu maye gurbinsu. Malaman daji kuwa ba su da yawan da za su tsare kowace bishiya.

A shekarun 1990 aka sake tsari, da taimakon ƙasar Suwizalan. Aka kafa kwamitoci a ƙauyuka. Aka zaɓi masu gadi daga cikin 'yan gari. Kwamiti da malaman daji suka riƙa haɗuwa su duba itatuwan da suka isa sara, wani kaso na kuɗin azara kuma ya riƙa zama a asusun ƙauye domin ayyukan gari da renon sababbin giginyu. A 1992 Nijar ta yi dokar kasuwannin itace na karkara, wadda ta ba ƙauye ikon sayar da itacen dajinsa da karɓar haraji a kai, a raba tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmalin gwamnati. A 1993 kuma ta yi babbar dokar ƙasar karkara, ta kafa kwamitocin ƙasa waɗanda suke rubuta iyakar gona da burtali da mashaya. Ba a ce sata da son kai sun ƙare a can ba. Amma mutumin da ya san cewa kuɗin azara zai gyara rijiyar garinsu, da wuya ya ga ɓarawo da gatari ya kau da kai.

Abin Da Dokar Nijeriya Ta Yarda Da Shi

Wani zai ce, ai wannan Nijar ce, dokarsu daban. Gaskiya ne. Amma dokar Nijeriya ma ta bar ƙofa a buɗe, mutane ne ba su cika shiga ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. A karkara kuwa ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin riƙe ƙasa bisa al'ada. Dokar ta ce ana iya ba mutum, ana kuma iya ba ƙungiya. Ƙaramar hukuma tana iya ba da har hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo. Abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Hekta ɗaya wajen eka biyu da rabi ce.

Sai dai gari ba ya sa hannu a takarda, mutane ne suke sa wa. Nan ne maganar amintattu ta shigo. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta 2020, kamar ta 1990 da ta gabace ta, ta yarda jama'ar da al'ada ko zumunta ko addini ya haɗa su zaɓi amintattu, mutum biyu ko fiye, su yi musu rajista a hukumar CAC. Ana rubuta tsarin mulkin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. In an gama, ƙungiya ta zama kamar mutum a gaban doka. Tana iya riƙe ƙasa da sunanta, tana iya kai ƙara kotu. Amintacce in ya rasu, 'ya'yansa ba su gadon ko taku ɗaya, sai dai a zaɓi wani a madadinsa. Dukiyar ƙungiya kuma ba a raba ta tsakanin 'ya'yanta. Wannan shi ne abin da a wasu ƙasashe ake kira riƙon amanar ƙasa na al'umma. Mai kama da shi a wurin Hausawa shi ne wakafi: ana cin amfanin abu, ba a cin asalinsa.

A nan sai a saurara da kyau, domin nan ne jita-jita takan shiga. Ba gonar kowa za a karɓa ba. Gonar gado tana nan ga mai ita. Abin da ake sa wa a cikin amana shi ne ƙasar da tun asali ta kowa ce. Gandun dajin gwamnati ma ba ya ciki, wannan na jiha ne. Bakin babban kogi kuma, dokar 1997 ta ba hukumar hanyoyin ruwa ta NIWA iko da mita 100 daga gaɓa, saboda haka sai an yi shawara da ita. Kada kuma a yaudari kowa: takarda ba ta hana gwamnati karɓar ƙasa in za ta yi hanya ko wani aikin jama'a. Amma garin da yake da takarda da shi za a zauna, kuma dokar 1978 ta yi tanadin yadda za a biya al'umma diyya. Garin da ba shi da ita sai dai ya wayi gari ya ga an kafa turaku.

Ramukan Da Wasu Suka Faɗa

Wannan tsari da sunansa na zamani a Amurka ya fara. A 1969, a Jihar Jojiya, wasu baƙaƙen fata suka kafa ƙungiya mai suna New Communities. A lokacin ana korar manoma baƙaƙe daga gonakin haya in sun nemi 'yancin jefa ƙuri'a. Ƙungiyar ta sayi gona mai faɗin eka 5,700 da 'yan kai, domin ta zama ta kowa, ba mai korar wani. Sai dai da bashi aka saye ta. Fari ya zo shekara bayan shekara. Suka nemi rancen gaggawa wanda ake ba manoma farar fata, aka yi ta ja musu rai. A 1985 masu bin bashi suka karɓe gonar. Sai a 2009 aka yanke cewa an zalunce su, aka biya su diyya, suka sayi wata gona a 2011. Shekara 24 ke nan suna jira, da yawa daga cikin waɗanda suka fara aikin ba su ga ranar ba.

Saboda haka, layin farko a tsarin mulkin ƙungiya ya zama wannan: ƙasar amana ba a sayar da ita, ba a jinginar da ita, ba a kai takardarta banki domin karɓar bashi, komai kyawun sharaɗin.

Rami na biyu shi ne a yi taro a bar wani a waje. In manoma kaɗai suka zauna suka rubuta doka, Bafulatani zai ɗauke ta a matsayin dabarar ƙwace masa mashaya, kuma ba za a ce bai yi gaskiya ba. A dajin Takeita, yamma da Damagaram, da aka miƙa wa jama'a riƙon dajin wajen shekarar 2000, ƙungiyarsu mai suna Ku Taya Ni ta haɗa manoma da mata da makiyaya, har da masu zuwa su wuce. An ɗauki shekaru ana zama kafin a kai ga haka, amma zaman shi ne aikin. A yankin Lolo abin ya fi tsanani, domin iyaka ce. A ƙarshen 2019 gwamnatin Benin ta sanar da hana garkunan ƙasashen waje shiga ƙasarta cin rani. Saniyar da aka hana ta tsallaka ba ta daina jin ƙishirwa ba. Dole ta sha a wani wuri, kuma gara a san wurin tun kafin albasa ta yi ganye.

Don haka kujerun kwamiti su isa kowa: sarkin noma, da sarkin ruwa, da arɗo, da liman, da matasa, da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Hausawa da Fulani da duk wanda yake zaune a gari. Mata kuma ba don cika lissafi ba. Su ne suka san inda kaɗanya da ɗorawa suka rage, su ne suka san nisan da ake yi yanzu kafin a samu damin itace. Uban ƙasa da hakimi iyayen ƙungiya ne, ba abin da zai tafi daidai ba tare da su ba. Amma kada takardar ta fita da sunan sarauta ko sunan mutum ɗaya. Wannan ba rashin ladabi ba ne, kariya ce gare su ma, domin ranar da mai kuɗi ya zo da buƙata, hakimi yana da amsa: ba a hannunsa abin yake ba.

Rami na uku kuɗi ne. Tara da kuɗin izinin sara da kuɗin su duk za su shigo. Kowane kwabo a yanka masa rasit. Asusun banki ya zama da sunan ƙungiya, mutum uku su sa hannu. Sau biyu a shekara a karanta lissafi a bainar jama'a, a bar littafin a buɗe, duk wanda ya iya karatu ya duba da idonsa. Ƙungiyoyi da yawa ba fari ne ya kashe su ba, jakar ma'aji ce.

Aikin da za a yi wa ƙasar kanta ba mai tsada ba ne. A tafki, a hana su lokacin da ruwa ya hau kifi yake ƙwai, a hana gamalin da raga mai ƙananan ido. A gaɓa, a bar zirin da ba a nomawa, burgu da jema da giyayya su riƙe ƙasa. A faƙo, a haƙa ramukan rabin wata su tare ruwa, a zuba irin gamba. A tudu kuma a yi sassaben zamani, watau in kututturen sabara ko kalgo ko gawo ya yi toho, kada a ƙone shi, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. A ƙasar Maraɗi aka fara yaɗa wannan a 1983. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawansu ba wanda ya dasa su.

Taimako daga waje yakan zo. A watan Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na gyaran ƙasar da ta lalace a jihohin arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan shirye-shirye suna da wa'adi, sukan zo su wuce. Bishiyar da aka dasa a ƙasar da ba ta da mai tsaro, akuya ce take gadonta. Garin da ya riga ya san huruminsa, yana da kwamiti da littafi, shi ne zai fi sauƙin jawo aikin, shi ne kuma zai iya riƙe shi bayan motocin sun tafi.

Matakin farko ba ya bukatar lauya ko kuɗi. Da bazara, bayan baƙin ruwa ya janye, kafin ruwan shuka, a sa rana. Dattawan da suka san iyaka su shiga gaba, arɗo da sarkin ruwa da masu gonakin da suka yi iyaka da hurumi su bi su, a gayyaci malamin daji da wakilin ƙaramar hukuma. A zagaya da ƙafa. Duk inda aka yarda nan ne iyaka, a kafa alama, a binne ƙwallon giginya a gindinta. Inda aka yi gardama kada a tsaya faɗa, a rubuta cewa nan akwai magana, a wuce, a dawo mata wata rana. Mai rubutu ya rubuta sunan kowane wuri kamar yadda mutanen gari suke kiransa, da sunayen shaidu. Da yamma a karanta wa kowa ya ji. Sannan a yi kwafi uku: ɗaya wurin hakimi, ɗaya wurin kwamiti, ɗaya a kai sakatariyar ƙaramar hukuma a Bagudo, a buga masa hatimi da kwanan wata.

Wassalam.